Wai me ake bincike a jikin ciyawa har Amurka ke ware mata miliyoyin daloli?

Wani ɗan'uwa ne ya turo tambaya, ya ce ya ji ana cewa gwamnatin Amurka na ware kuɗi masu yawa don binciken ƙasa da ciyawar dajin kiwo, musamman bayan gobarar daji, shine yake cewa anya ba almubazzaranci bane wannan, ciyawa ce fa, ruwa na sauka da kanta zata fito, me za a bincika a ciki?

Toh ɗan'uwa, in dajin da ka sani kake nufi ai gaskiyarka ne. Namu dajin ya saba da wuta tun fil azal, gamba da sauran ciyayi masu gindi saiwarsu na nan da rai a ƙasa, wuta ta lashe sama, ruwan farko na sauka kaga toho. Amma inda ake kashe waɗancan kuɗaɗen ba haka abin yake ba sam, kuma ni a matsayina na wanda fannin kiwo da ƙasa shine aikinsa, abinda yake damuna da kuɗin binciken nan ba yawansu bane, gajartar wa'adinsu ne. Bari in bi da kai a hankali.

Akwai wani ƙaton yanki a yammacin Amurka da ake kira Great Basin, ya cinye kusan duk jihar Nevada ya shiga Utah da Idaho da Oregon. Busasshen waje ne mai sanyi, wurare da dama ruwan shekara bai wuce milimita 200 zuwa 300 ba, kuma yawancinsa da hunturu yake zuwa a matsayin dusar ƙanƙara, lokacin zafi kuwa ƙasa a bushe ƙamas. Asalin tsiron wajen wani ɗan guntun itace ne mai ƙamshi da suke kira sejburosh, dangin tazargade ne, sai ciyayi masu gindi da ke tsaye jefi-jefi, tsakaninsu fili. Wannan filin da ke tsakanin tsiro da tsiro shine yake hana wuta tafiya, ko tsawa ta kunna wuta bata nisa take mutuwa, shi yasa a da waje ɗaya kan yi shekaru gommai, wani wajen har ɗari, bai ƙone ba.

Sai ga wata ciyawa daga Turai da Asiya ta shigo a ƙarshen ƙarni na 19, a cakuɗe cikin irin hatsi da kayan jiragen ruwa, suna ce mata citgiras, a kimiyyance Bromus tectorum. Ta zo ta tarar an riga an buɗe mata ƙofa, domin a lokacin an cika dajin da shanu da tumaki ba tsari, sun cinye ciyayi masu gindi sun tattake ƙasa. Zuwa wajen 1930 ta gama bazuwa. Dabararta ita ce sammako, tun kafin hunturu take tsirowa, saiwarta na aiki cikin sanyi lokacin da 'yan gida ke barci, sanyi na wucewa ta riga kowa shanye damshin ƙasa, ta zubar da iri, zuwa watan Yuni ta bushe ƙurmus. In ka bi ta cikinta a lokacin, safarka da igiyar takalminka haka zasu cika da tsinin irinta kamar ka ratsa karangiya, kuma tana huda bakin shanu da idonsu. Toh ita ce ta cike wancan filin da ke tsakanin tsirrai, daji ya zama shimfiɗar busasshiyar ciyawa guda ɗaya ba yankewa.

Daga nan sai zagayen ya kankama. Wuta ta ci, sejburosh ya mutu murus don shi baya tohowa daga saiwa, sai dai ta iri, irin nasa kuma ƙanana ne ƙwarai, kusa da uwar suke faɗuwa, basa daɗewa da rai a ƙasa. Ita kuwa citgiras wuta taki ce a wurinta, shekara na zagayowa ta ninka, wuta ta sake samun abinci. Wani rahoto na 1990 ya nuna akwai wurare a filin kogin Snake na Idaho da wuta ke dawowa duk shekara 3 zuwa 5, alhali shi sejburosh yana buƙatar shekaru gommai kafin ya koma yadda yake. Kaga kenan "da kanta zata fito" ɗin da kake faɗi gaskiya ne, sai dai wadda ke fitowa ita ce matsalar. Gobarar Martin ta 2018 a Nevada ta cinye kusan eka 435,000, ba a taɓa irinta a tarihin jihar ba. Wani rahoton hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, na 2022 ya ƙiyasta ana asarar kimanin eka miliyan 1.3 na lafiyayyen dajin sejburosh duk shekara, kuma baƙin ciyayi da wuta ne kan gaba a dalilai. Masu shanu na asarar abincin rani, ga wani tsuntsu mai girman zabo da baya rayuwa sai a wannan daji, wanda a 2015 saura ƙiris a saka shi cikin jerin halittun da doka ta hana a taɓa muhallinsu, da an saka kuwa da kiwo da haƙar mai da ma'adinai a jihohi goma sha ɗaya duk sun ji a jikinsu. In kana neman dalilin da yasa 'yan siyasa suka yarda suna sakin kuɗi, tsuntsun nan na ciki, ba son ciyawa bane ya kama su.

Yanzu maganar kuɗin. Yawancin wannan daji na gwamnatin tarayya ne, hukumar kula da filayen gwamnati BLM kaɗai na riƙe da kusan eka miliyan 245, masu shanu haya suke biya su yi kiwo. Kuɗin bincike na fitowa ne ta sashen binciken noma na ma'aikatar gona, da USGS, da hukumar gandun daji, da jami'o'in jihohi, sai wani shiri na musamman kan kimiyyar wuta da majalisa ta kafa a 1998. Wannan shirin ko lokacin da yake ganiyarsa kasafinsa na shekara bai wuce dala miliyan goma sha wani abu ba, kuma wajen 2018 an zaftare shi har aka yi yunƙurin rufe shi, sai dokar ababen more rayuwa ta 2021 ta zo ta ƙara masa dala miliyan 20 na shekara biyar. Toh a wannan shekarar ta 2021 kaɗai gwamnatin tarayya ta kashe sama da dala biliyan 4 wurin kashe gobarar daji. Ka ɗora waɗannan lambobi biyu gefe da gefe ka gani. Jirgi na zuba ruwa a kan wuta kowa na gani a talabijin, ba mai ja da kuɗinsa, amma ɗalibin da ke tsugunne yana ƙirga tsiro shekara takwas bayan wutar ba wanda ya san da zamansa.

Kuma wallahi ƙirgar nan ita ce aikin. Yadda ake yi, za a ja tef mita 25 ko 50 a miƙe, duk rabin mita ko mita ɗaya ka sauke siririn ƙarfe tsaye, ka rubuta duk abinda ya taɓa tun daga sama har ƙasa, ganyen wane tsiro, busasshen kara, dutse, ko ƙasa tsirara, sannan ka auna tazarar da ke tsakanin gindi da gindi, ka haƙa rami ka murza ƙasar a hannu ka ji yashi ne ko laka, ka ɗauki hoto daga kan fegi ɗaya da aka kafa. Ba wata na'ura mai tsada a ciki. Tsadar ita ce a dawo baɗi a maimaita a daidai wannan fegin, a dawo baɗin baɗaɗa, mota da mai da albashin mai aunawa, shekara da shekaru. Tallafin bincike kuma yawanci shekara biyu ne ko uku, daidai tsawon digirin ɗalibi, haka shima shirin gyaran ƙasa bayan gobara na BLM an daɗe ana bibiyar sakamakonsa na shekara uku kacal a rufe fayil.

Ga abinda hakan ya jawo. Shekaru da dama in wuta ta ci, sai a sayo iri tan-tan, wani a shuka da tarakta, wani a watsa daga jirgin sama, a shekara ta biyu ko ta uku a zo a ga kore a rubuta an yi nasara. Sai da masu bincike suka koma wurare 88 da aka shuka tsakanin 1990 da 2003, suka auna su bayan shekaru sun ja, aka buga sakamakon a 2014. Abinda suka tarar, irin sejburosh da aka watsa ta jirgi kusan bai bambanta wajen da aka shuka da wanda ba a shuka ba, ciyayi masu gindi kuwa sun fi kamawa ne inda aka shuka da tarakta a tudu mai ɗan ruwa, kuma galibi nau'in da aka shigo da shi daga waje ne ya kama, a ƙasa-ƙasa mai zafi da fari inda aka fi buƙatar taimakon nan ne abin yafi faɗuwa. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, tsiron da ya yi kyau a shekara mai ruwa sai fari ya zo sau ɗaya sau biyu ake sanin ko ya kafu. Da an ware ko kashi kaɗan na kuɗin irin nan an bibiyi wuraren tun farko, da an gane wannan da wuri.

Ɓangaren ƙasa ma akwai darasi mai zafi. A busassun wuraren nan saman ƙasa na da wani ɓawo mai rai, haɗin gansakuka da wasu ƙananan halittu, in ka durƙusa zaka ganshi baƙi-baƙi da ƙurji-ƙurji, ka taka ya ruguje a ƙarƙashin takalmi. Shine ke riƙe ƙasa kar iska ta kwashe, kuma inda yake lafiya irin citgiras na wahalar samun wurin shiga. Kofato da tayar mota na fasa shi cikin daƙiƙa, dawowarsa kuma shekaru ne. A 2007 gobarar Milford Flat ta ci kimanin eka 363,000 a Utah, aka shiga da manyan injina ana jan sarƙa ana shuka ana feshi da niyyar tsare ƙasa. Da masu bincike suka kafa tarkon ƙura suka auna, sai ya zamana a wani sashe mai laushin ƙasa, tsohon gindin tafki, inda aka yi gyaran nan ne ƙura tafi tashi, har tauraron ɗan adam na hango ta. Wato akwai ƙasar da in ta ƙone, alherin da zaka mata shine ka ƙyale ta kar ka saka mata ƙarfe. Irin wannan ne ya haifar da tsarin da ake bi yanzu, wanda wata mai bincike, Jeanne Chambers, da abokan aikinta suka yi fice a kai, na duba zafin ƙasa da damshinta a taswira kafin a kashe sisi: tudu mai sanyi da laima yawanci zai farfaɗo da kansa, kwari mai zafi da bushewa shine ke faɗawa hannun citgiras, don haka ba ko'ina ake zuba kuɗi daidai ba.

Misalin da nafi so shine na tashar bincike da ke kusa da garin Burns a Oregon. A 1936 wasu suka kafa shinge suka hana dabba shiga wasu fulotai, gefensu kuma aka ci gaba da kiwo madaidaici. A 1993 aka saka wa duka biyun wuta da gangan, aka jira sama da shekara goma aka auna, aka buga a 2009. Kowa zai zaci inda aka hana kiwo zai fi farfaɗowa, amma can ne citgiras ta fi mamayewa, saboda busasshen kara ya taru a gindin ciyayin shekara da shekaru, da wuta ta zo sai ta yi zafin da ya dafa gindin ya kashe su. Kar ka ɗauka wannan lasisi ne na a saki dabbobi yadda aka ga dama, kiwon da ya wuce kima ne fa ya buɗe ƙofar tun farko, abinda ya nuna shine tsakanin cinyewa ƙaf da hanawa ƙaf akwai wani ma'auni. Amma duba lissafin shekarun, waɗanda suka kafa shingen basu ga amsar ba, kuma ba wani tallafin shekara uku da zai iya sayo maka ita. Haka tashar Santa Rita a Arizona da ta haura shekara 120, da Jornada a New Mexico tun 1912, da gwajin yawan shanu a fili da ake yi a Colorado tun 1939. Duk sanda aka zo rage kasafi irin waɗannan ake fara kallo, don basa fitar da labari mai daɗi duk shekara.

Wani amfanin kuɗin bincike da mutane basa lissafawa shine ya gaya maka abinda baya aiki. An yi ta murna da wasu ƙwayoyin bakteriya na ƙasa da aka ce in an fesa suna hana saiwar citgiras girma, har an fara sayarwa, sai da aka gwada a fili a jihohi daban-daban aka fitar da sakamako wajen 2020, kusan ba wani tasiri. Wannan "babu" ɗin kuɗi ce tsagwaronta, don ta hana a fesa wa dubban ekoki ruwan banza. Maganin feshi na imazafik yana danne ciyawar shekara ɗaya ko biyu ta dawo, sabon da ake kira indazifilam yana kaiwa uku zuwa huɗu, amma shi baya tantance iri, wanda ka shuka da hannunka ma zai hana shi tsirowa, don haka yafi dacewa da inda ciyayi masu gindi suke da saura. Bayan gobarar Soda ta 2015, wadda ta ci kusan eka 280,000 a iyakar Idaho da Oregon, an ɗan gyara tsarin, an ware sama da dala miliyan 60 na gyara kuma aka haɗa da bibiya ta shekara biyar a fulotai wajen 2,000. Ya fi na da nesa ba kusa ba, amma ga itacen da ke buƙatar shekara talatin, biyar ɗin ma somin taɓi ne.

Akwai kuma ɓangaren da ya kamata mu masu binciken mu ji kunya, kuma nan ne abin ya taɓo mu kai tsaye. Citgiras da kanta ta shigo, amma da yawa daga baƙin ciyayin da ke ƙona duniya yau masana ne suka ɗauko su da kuɗin bincike, kuma daga Afirka. Ciyawar bafel an kai ta Amurka ne don kiwo da tsare zaizaya, aka shuka ta a Texas da arewacin Meziko, yau ta shiga hamadar Sonora tana kai wuta inda tsirrai basu san wuta ba. A Hawaii, gonakin rake da aka bari ciyayin Afirka ne suka cike su, kuma suna cikin abinda ya ciyar da wutar da ta cinye garin Lahaina a watan Agustan 2023, mutum kusan 100 suka mutu. Sai gamba, eh gambar nan dai tamu ta zana da jinka. An kai ta Ostireliya a shekarun 1930 don abincin shanu, aka yi ta gwaji har aka fitar da iri na kasuwa a 1978. A nan gida shanu na ci, mutane na yanka, bata samun sakewa. Can kuwa da ta tsallake shingen gona ba mai taɓa ta, tana kai mita 4, kuma an auna wutarta ta kai ninki takwas na wutar ciyawar ƙasar, tana cin manyan itatuwa har ƙoli a yankin kudu da birnin Darwin. A 2008 gwamnatin yankin Arewa na Ostireliya ta ayyana ta a matsayin muguwar ciyawa, a 2012 ta shiga jerin na ƙasa baki ɗaya. Kyasuwa ma tana can tana basu wahala. Masu gwajin farko ba ƙarya suka yi ba, an biya su ne su amsa tambaya ɗaya, shin saniya zata yi ƙiba, kuma ta yi. Ba wanda ya biya kuɗin tambayar me zai faru in ta fita daga gona bayan shekara ashirin.

Mu namu matsalar ba citgiras bace, kuma kar wani ya kwafo maganin Nevada ya kawo Katsina. Amma garmani ya cinye burtali da hurumi da yawa a kudancin Nijar, dabba bata damu da shi ba, kacala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Hadeja da Nguru, kuma a arewacin Tawa duk shekarar da damina ta yi kyau wutar daji ce ke bin ciyawar da makiyaya ke dogaro da ita har rani, shi yasa ake share layukan tare wuta. Wuraren neman kuɗi akwai, asusun bincike na TETFund, cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, shirin farfaɗo da ƙasa na ACReSAL da Bankin Duniya ya saka wa dala miliyan 700. In kai ɗalibi ne ko malami mai shirin rubuta takardar neman tallafi a wannan fanni, shawarata kar ka cika ta da sayen kwamfuta da taron bita. Ka saka fulotai na dindindin da fegin ƙarfe da lambar GPS, ka bar wasu ba a taɓa su ba don kwatance, ka auna kafin a yi komai, ka zauna da ardo da mai unguwa su san abinda fegin yake yi a wurin don kar a cire a kai wa maƙeri, sannan ka ajiye bayanan inda wani zai same su bayan ka bar wajen. Hotunan tauraron ɗan adam na Landsat kyauta ne tun 2008 kuma sun koma baya har shekarun 1980 da ma kafin nan, zasu nuna maka inda ya ƙone da inda ya yi kore, amma basa iya gaya maka koren nan gamba ce ko garmani, wannan sai wanda ya je da tef ya tsugunna, don haka kuɗin mai da alawus ɗinsa na shekara ta biyar da ta goma su zaka fara rubutawa a kasafin, in mai bada tallafin ya ce wa'adinsa shekara uku ne sai ka nemi sashenku na jami'a ya ɗauki fulotan a matsayin wurin aikin ɗaliban ajin ƙarshe duk shekara.